Takardar Sallama Daga Aiki

A kasuwanninmu da gidajenmu, da baki ake ɗaukar mutum aiki, da baki kuma ake rabuwa da shi. Maigida ya ce wa yaron shago, "Daga yau ka huta," magana ta ƙare, sai dai in dattawan layi sun sa baki. Amma a masana'anta, ko banki, ko makarantar kuɗi, ko ma'aikatar gwamnati, rabuwa ba ta tabbata sai an rubuta. Duk wani haƙƙi da zai biyo baya a jikin takardar sallama yake rataye: ita alƙali zai fara dubawa in an kai ƙara, ita kamfanin fansho zai nema, da ita kuma ake lissafin abin da ma'aikaci ke bin wurin aikinsa.

Wa'adin da doka ta yanka

A Nijeriya, Dokar Ƙwadago ce ta shimfiɗa ƙa'idar sallama. An kafa ta a 1974, tana kuma cikin kundin dokokin tarayya na 2004. Sashe na 7 ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata 3 da farawa, har da tsawon wa'adin da za a bayar in an zo rabuwa. Ke nan takardar sallama ba ta tsayawa ita kaɗai. A kan takardar ɗaukar aiki ake auna ta.

Sashe na 11 shi ya yanka mafi ƙarancin wa'adi. Wanda bai wuce wata 3 yana aiki ba, kwana 1 ake ba shi. Wanda ya haura wata 3 amma bai cika shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Wanda ya yi shekara 5 ko fiye, wata 1. Duk wa'adin da ya kai mako, dole a rubuce za a bayar da shi, kuma ranar da aka miƙa takardar ba ta shiga cikin lissafi. In yarjejeniyar aiki ta tanadi wa'adin da ya fi wannan tsawo, ita za a bi. Ƙa'idar ta hau kan ɓangarorin biyu: ma'aikacin da zai ajiye aiki shi ma sai ya bayar da irin wannan sanarwa.

Doka ta yarda a biya kuɗi a madadin wa'adi, wato a ba mutum albashin kwanakin ya tafi a ranar. A nan ne masu ɗaukar aiki da yawa ke yin tuntuɓe. A 1993, a wata shari'a tsakanin wani ma'aikaci da kamfanin Shell, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa kuɗin madadin wa'adi tare da sallamar ake biyansa. Rubuta "za a biya ka nan gaba" bai wadatar ba.

Sai dai ba kowa dokar ta rufe ba. Leburori da ƙananan ma'aikatan ofis ta fi shafa. Manajoji da ƙwararru irin su lauyoyi da injiniyoyi, abin da suka sa wa hannu a yarjejeniyarsu shi ne madogararsu.

Sallama daban, kora daban

Sallama rabuwa ce bisa ƙa'idar yarjejeniya. Ana bayar da wa'adi ko kuɗinsa, mutum ya karɓi haƙƙoƙinsa, sunansa bai ɓaci ba. Kora kuwa hukunci ce a kan babban laifi, kamar sata, zamba, ko ƙaurace wa aiki ba izini. Ba ta buƙatar wa'adi, kuma sau da yawa wanda aka kora yana rasa kuɗin sallama.

Saboda nauyinta, kora ba ta inganta sai an ji ta bakin wanda ake zargi. A fara ba shi takardar neman ba'asi da ta fayyace laifin, a ba shi lokaci ya amsa a rubuce, in da kwamitin ladabtarwa ya bayyana a gabansa. Wanda ya tsallake waɗannan matakai ya rubuta takardar kora cikin fushi, ko da gaskiya tana gare shi, yana iya faɗuwa a kotu.

Ma'aikatan gwamnati suna da ƙarin kariya, domin doka ce ta kafa sharuɗɗan aikinsu. In aka kauce wa dokokin aikin gwamnati wajen korarsu, kotu na iya soke takardar ta mayar da su bakin aiki, a biya su albashin da suka rasa. A kamfani mai zaman kansa kuwa, diyya aka fi bayarwa, domin ba kasafai ake tilasta wa mutum zama da ma'aikacin da ba ya so ba. Zamanin soja ya nuna abin da ke faruwa in babu wannan kariya. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata sama da 10,000, wasu a rediyo suka ji sunansu. A 1984 kuma aka yi Doka ta 17, wadda ta hana kotuna sauraron ƙarar ma'aikatan da aka sallama a ƙarƙashinta.

Abin da takardar za ta ƙunsa

Takardar sallama ba wurin huce haushi ba ce, ba kuma wurin dogon ban-haƙuri ba. A rubuta ta a kan takardar ma'aikata mai tambari, da kwanan wata, da cikakken sunan ma'aikaci da muƙaminsa. Jimlar farko ta faɗi magana kai tsaye: an kawo ƙarshen aikin, kuma rana kaza ce ta ƙarshe. Sannan a ambaci sashen yarjejeniyar da aka dogara da shi, a faɗi ko wa'adi ne aka bayar ko kuɗinsa.

Daga nan sai lissafi dalla-dalla: ragowar albashi, kuɗin hutun da bai ci ba, garatuti in yarjejeniya ta tanada, da bashin da ake binsa in akwai. A jera kayan da zai mayar, kamar katin shaida, makullai, kwamfuta ko mota. Wanda ke da ikon sallama shi zai sa hannu, domin sa hannun wanda ba shi da hurumi yana iya rushe takardar baki ɗaya. A miƙa ta hannu da hannu, a keɓe, ma'aikaci ya sa hannu a kwafi cewa ta iso gare shi.

Sai an faɗi dalili?

Shekaru da yawa kotunan Nijeriya suna bin tsarin da aka gada daga Ingila: mai ɗaukar aiki na iya sallama da dalili ko ba dalili, muddin ya cika wa'adi. Shi ya sa takardu da yawa ba su wuce layi ɗaya ba, wai ba a buƙatar aikinka kuma.

Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, ya sauya lissafi. Sashe na 254C ya damƙa shari'o'in ƙwadago ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, mai zama a Abuja, Kano, Kaduna da wasu birane, ya kuma ba ta damar duba kyawawan ƙa'idojin duniya. Daga cikinsu akwai Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, wadda ta ce kada a sallami ma'aikaci sai da ingantaccen dalili da ya shafi ƙwazonsa, ko halinsa, ko buƙatar wurin aikin. Kotun ta sha dogara da wannan ta ce sallama ba dalili zalunci ne. Amma duk dalilin da aka rubuta, wanda ya rubuta shi ne zai tabbatar da shi. Saboda haka a rubuta gaskiya, wadda ake da shaidarta a fayil.

Akwai lokacin da doka ta hana sallama ɗungurungum. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya haramta a ba mace takardar sallama tana hutun haihuwa, ko a ba ta wa'adin da zai cika a cikin hutun.

Rage ma'aikata

In kasuwa ce ta ja baya har ma'aikata suka yi wa aiki yawa, sashe na 20 ya buƙaci a sanar da ƙungiyar ƙwadago dalili da yawan waɗanda abin zai shafa. Wanda ya zo a ƙarshe shi ke fara tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, sannan a tattauna kuɗin sallama. Ma'aikatan masaƙun Kaduna da aka rufe a farkon shekarun 2000 sun ɗanɗana kuɗar rashin cika wannan ƙa'ida, domin da yawansu sun yi shekara da shekaru suna jiran haƙƙinsu.

Idan takarda ta zo hannunka

Ka karɓa, domin ƙin karɓa ba ya soke ta. Sa hannun shaidar karɓa daban yake da sa hannun yafe haƙƙi, don haka ka karanta kafin ka ɗora alƙalami. Ka gwada ta da takardar ɗaukarka aiki, ka ƙirga wa'adi, ka duba lissafin kuɗi. Ka adana ta da kyau: Dokar Fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki bai kai shekara 50 ba damar cire kashi 25 cikin 100 na asusunsa in ya yi wata 4 bai samu wani ba, kuma kamfanin fansho zai nemi ganin takardar. In ka ga an tauye ka, ka tuntuɓi ƙungiyarku, ko ofishin ƙwadago na jiharku, ko lauya, tun shaidu suna kusa kuma takardu ba su ɓace ba.