Kafin ka ɗauki fasinja a dusar ƙanƙara, duba tayarka

Duk wanda ke yawo a TikTok ya saba ganin 'yan uwanmu da suka tafi Kanada suna ɗaukar bidiyo cikin dusar ƙanƙara, mu kuma muna ta danna musu alamar so. Wasunsu tuƙi ne sana'arsu a can, har da tuƙin doguwar bas mai ɗaukar mutum 12 ko 15, irin su Ford Transit da Mercedes Sprinter. Idan kana cikin masu wannan burin, akwai abin da ba a cika nunawa a bidiyon ba, wato tayar da motar ke tafiya a kai.

Bari in fara da abin da ya faru a watan Janairun 2008. Wata bas mai kujera 15 ta taso daga Moncton da 'yan wasan ƙwallon kwando na sakandaren garin Bathurst, a lardin New Brunswick. Saura kaɗan su isa gida motar ta zame a kan titi mai santsi, ta yi karo da babbar mota. Ɗalibai 7 da matar kocinsu suka rasu. Binciken da aka yi ya nuna cewa tayoyin motar irin na kowane lokaci ne, ba na hunturu ba, kuma sun riga sun cinye. Daga baya lardin ya hana ɗaukar ɗalibai a irin wannan bas.

To, me ya raba tayar hunturu da sauran? Roba ce. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, robar taya ta yau da kullum takan fara taurara, riƙonta ya ragu. Ta hunturu kuwa tana nan da laushinta, ga ƙananan tsage-tsage a jikinta masu kama dusar ƙanƙara. Shi ya sa lardin Kebek ya wajabta ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Idan ka je saye, fara da alamar da ke gefen taya: hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiya. Ma'anarta an gwada tayar a kan dusar ƙanƙara kuma ta ci jarrabawa. Kada wani ya ruɗe ka da rubutun M+S kaɗai, don ba shi ne hujjar an yi wannan gwajin ba.

Na biyu shi ne nauyi, kuma nan ne mai bas ya bambanta da mai ƙaramar mota. Mutum 15 da jakunkunansu ba wasa ba ne. Nemi taya mai harafin C bayan lambar girmanta, kamar 235/65R16C, ko mai LT a farko, don su aka yi wa motocin lodi. Lambar da ke biye da girman ita ke gaya maka nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka: 121 na nufin kilo 1,450, 115 kuma kilo 1,215. Buɗe ƙofar direba, za ka ga takarda manne a jikin mota mai ɗauke da girman taya da yawan iskar da kamfanin ya tsara. Kada ka sayi wadda ta gaza abin da aka rubuta, komai arharta.

Na uku, a canza su gaba ɗaya. Wani zai ce, "Ai sai in sa biyu a baya, in lallaɓa." Malam, wannan tsimin yana da haɗari, domin wani ɓangaren motar zai riƙe titi, ɗayan ya zame, musamman a kwana ko wajen taka birki. Tun 2001 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin wannan doguwar bas ta fi saurin kifewa idan ta cika da mutane.

Bayan saye ma da sauran aiki. Iskar taya na raguwa duk lokacin da sanyi ya ƙaru, don haka a riƙa aunawa da safe kafin mota ta motsa. Idan zurfin zanen tayar ya kusa milimita 4, aikinta a dusar ƙanƙara ya ƙare. Ka kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe a layin DOT: 2423 na nufin an ƙera ta a mako na 24 na shekarar 2023.

Ku da kuke gida, kada ku ce ba ruwanku. A cikin tayoyin 'yan Beljiyam da ake sayarwa a kasuwanninmu akan samu na hunturu, robar da aka yi don sanyi kuwa saurin cinyewa take yi a kan kwalta mai zafi irin ta Kano zuwa Maiduguri. Ran da za ka hau bas a tasha, ɗan sunkuya ka duba gefen tayar. Idan ka ga dutsen nan mai kai uku, ko ka ga zanen ya shafe, yi wa direban magana kafin ka biya kuɗin mota.