Babu Na'ura a Cikin Allura: Gaskiyar Aikin Farfesa Robert Langer

Annobar korona ta wuce, amma saƙon muryar nan ya ƙi mutuwa. Da zarar an fara zagayen rigakafi, na ƙyanda ne ko na mashaƙo ko na sankarar bakin mahaifa da aka soma yi wa 'yan mata a 2023, sai wani ya tono shi ya watsa a WhatsApp: wai Turawa sun zuba wata 'yar mitsitsiyar na'ura a ruwan allura domin su riƙa bin sawun mutum duk inda ya shiga. In ka nemi hujja sai a ce ai nanoteknoloji ce, a haɗa da sunan jami'ar MIT da na Bill Gates, shi ke nan magana ta ƙare. Abin takaici, ba 'yan bakin tasha kaɗai ke tura wannan saƙo ba, har da masu digiri.

Nanoteknoloji fasaha ce ta sarrafa abubuwa ƙanana ƙwarai. In aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kowane kaso shi ne nanomita, kuma kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita 80,000 ko fiye. Ƙanƙanta kawai ake nufi, ba lantarki ba, ba kwamfuta ba.

Mutumin da ake yawan jingina wannan jita-jita da ɗakin bincikensa shi ne Farfesa Robert Langer na MIT a Amurka. An haife shi a 1948, ya karanta injiniyancin sinadarai, ya kammala digirin digirgir a 1974. Kamfanonin man fetur suka yi ta zawarcinsa, amma ya zaɓi asibitin yara na Boston, ya zauna ƙarƙashin likitan fiɗa Judah Folkman, wanda ke da ra'ayin cewa ƙarin daji ba ya girma sai ya janyo wa kansa jijiyoyin jini, don haka in an toshe su an kashe masa kasuwa. Langer ya shiga tatsar sinadarin da ke hana tsirowar jijiyoyi daga guringuntsin shanu, yana gwadawa a idon zomaye. Matsalarsa ita ce yadda sinadarin zai riƙa fita kaɗan-kaɗan na tsawon makonni. Sai ya ƙera wata irin roba mai ƙananan ƙofofi da ke riƙe magani tana sakinsa a hankali, ya wallafa sakamakon a mujallar Nature a 1976. Manyan masana na lokacin suka ce hakan ba zai yiwu ba, aka yi watsi da buƙatunsa tara na farko na neman kuɗin bincike.

Yau ana cin moriyar wannan taurin kai. Tare da likitan ƙwaƙwalwa Henry Brem na jami'ar Johns Hopkins, sun samar da Gliadel, wasu 'yan faifai masu girman ƙaramin kwabo da ke ɗauke da maganin daji. In likita ya yanke ƙari daga ƙwaƙwalwa, sai ya jera su har guda takwas a gurbin, su narke cikin makonni biyu zuwa uku suna sakin magani a daidai wurin ciwon. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su a 1996. A 2010 kuma Langer na cikin waɗanda suka kafa kamfanin Moderna.

To me ke cikin allurar korona ta Moderna da ta Pfizer? Akwai mRNA, wato saƙon da ke koya wa garkuwar jiki gane ƙwayar cuta. Saƙon ba shi da ƙwari. In aka zuba shi tsirara a jiki, nan take zai lalace. Shi ya sa ake naɗe shi cikin ƙwayar maiƙo mai faɗin nanomita kusan 100, kamar wasiƙa a ambulan. Maiƙo iri huɗu ne, ɗaya daga ciki kolestarol ne irin wanda ke jikin kowa. Sauran kayan haɗin su ne ruwa da sukari da sinadaran daidaita tsami. Cikin 'yan kwanaki saƙon ya ruguje, jiki kuma ya sarrafa maiƙon. Ba aikin mutum ɗaya ba ne: Pieter Cullis na Kanada ya shafe gomman shekaru a kan wannan maiƙo, Katalin Karikó da Drew Weissman kuma sun sami kyautar Nobel a 2023 saboda gyaran da suka yi wa mRNA. Ba kuma sabon abu ba ne, domin tun 1995 ake ba masu ciwon daji Doxil, maganin da aka naɗe a ƙwayoyin maiƙo.

Daga ina zancen na'ura ya samo asali? A Disambar 2019, ɗakin binciken Langer ya wallafa wani gwaji da gidauniyar Gates ta ɗauki nauyinsa. Sun lura cewa a ƙasashe da yawa katin rigakafin yara kan ɓata, sai suka gwada wani rini da ido ba ya gani, wanda za a iya bari a ƙarƙashin fata a matsayin shaida, a duba shi da wayar da aka sauya wa kyamara, a kusa da fatar. A kan ɓeraye aka gwada, da fatar gawa. Rini ne, ba ya aika saƙo ko'ina, kuma ba a taɓa saka shi a allurar korona ko wata allurar da ake yi wa yaranmu ba. Mutum na da damar cewa tunanin bai kwanta masa ba. Amma ɗaukar gwajin ɓera a mayar da shi na'urar leƙen asiri ƙarya ce tsagwaronta.

Mu yi amfani da hankali. Na'urar da za ta faɗi inda kake tana buƙatar batir da eriya. Wayar da ke hannunka tana da duka biyun, amma kullum sai ka kai ta caji, kuma da ka shiga wani ƙauyen sabis ya ɗauke. Na'urar da ake dasa wa karnuka da kyanwoyi a Turai ta kai ƙwayar shinkafa, da ƙatuwar allura ake saka ta, ba ta da batir, ba a kuma karanta ta sai an kara mata injin a jiki. Ramin allurar rigakafi kuwa bai kai rabin milimita ba. Ta ina za ta bi? Wa zai yi mata caji a cikin dantse?

Sai bidiyon masu manna kwabo ko cokali a inda aka yi musu allura, wai ita ce ke riƙe su. Gumi da maiƙon fata ne ke riƙe su; a barbaɗa hoda a wurin a ga ko za su tsaya. Mai kunna ƙwan fitila a dantse kuma ƙwai mai caji yake amfani da shi, irin wanda ke ci gaba da haske in an ɗauke wuta. Kowace fata mai danshi za ta kunna shi, ko ta wanda bai taɓa ganin allura ba.

Ba a banza mutanenmu ke ɗari-ɗari ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano kan yara kimanin 200 masu sanƙarau, 11 suka rasu, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma mu tuna abin da jita-jita ta jawo mana a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004: cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, yara suka nakasa, sai a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Don haka, in saƙo ya shigo maka ba sunan mai magana, ba asibitin da yake aiki, kada ka tura. In an ambaci wani bincike, tambayi shekararsa, kuma a kan mutane aka yi ko a kan dabbobi. Ka nemi ganin kwalbar allura, ka duba sunanta da ranar lalacewarta, haƙƙinka ne. Ka tambayi ma'aikaciyar lafiya illolin da za a iya samu, domin akwai su: ciwon hannu, zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu, da kumburin tsokar zuciya da aka gani jefi-jefi a samari bayan allurar mRNA. In ɗanka ya taɓa samun mummunan borin jini bayan wata allura, ka faɗa tun kafin a yi masa. Katin rigakafi a sa shi a leda a adana tare da takardar haihuwa. Masu kula da zaurukan WhatsApp su goge irin waɗannan saƙonni, su kuma faɗi dalili. Malamai da limamai, ku kira likitan unguwa ku ji ta bakinsa kafin ku hau mumbari, don addini ya hore mu da tantance labari kafin yaɗa shi. Ɗalibanmu na kimiyya da injiniyanci kuma, wannan fanni na jiran ku, domin ranar da muka fara haɗa namu alluran zargin zai ragu.

Mai tura saƙon ba zai zo jinya ba in mashaƙo ya shaƙe ɗanka. Ka kai yaranka rigakafi, ka kuma bar yaɗa abin da ba ka da tabbacinsa.