Karatun sanin ƙasa da ƙarfe: daga lakwal zuwa masana'anta

Ranar 3 ga watan Satumba 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birni, a Damagaram. Ginin ƙasa ne, ya fi shekara 150 yana tsaye. A wannan damina gidaje da yawa sun faɗi, birni da ƙauye.

Me ya sa wani bango yake daɗewa, wani kuma ya faɗi tun yana sabo? Akwai karatu na musamman a kan wannan. Shi ne karatun sanin kayan aiki: ƙasa, siminti, ƙarfe, roba. Wanda ya gama shi ya zama injiniya.

Sanin kaya ba baƙo ba ne a Damagaram. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, maƙeran garin sun zuba igwa da hannunsu. Maginan Zango kuma sun san ƙasar da ta dace da tubali. Sun san makuba, ta ɓawon ɗorawa, tana kare bango daga ruwa. Magini yakan gane ƙasa da ido da tafin hannu. Ɗan lakwal yana ƙara awo da lissafi.

Ga yadda ake yi a ɗakin gwaji. Ɗalibi yana ɗebo ƙasa, ya tankaɗe, ya auna yashi nawa, laka nawa. In laka ta yi yawa, tubali zai tsage in ya bushe. In yashi ya yi yawa, zai marmashe. Sai ya buga tubali iri-iri, wani da siminti kaɗan, wani babu. Ya jiƙa wasu cikin ruwa. Daga nan ya sa kowane cikin injin matsa, har ya fashe, ya rubuta nauyin da ya ɗauka. Kankare kuwa sai ya kwana 28 kafin a gwada ƙarfinsa.

Amma ɗakin gwaji kaɗai bai isa ba. Kafin a ba ɗalibi takardar gamawa, yakan je masana'anta koyon aiki na ƴan watanni. Shi ake kira sitaj. A jihar Damagaram akwai matatar mai ta Soraz, kan hanyar Tanut, wadda aka buɗe a 2011. An gina ta don tace ganga 20.000 kowace rana. Bututu mai tsawon fiye da kilomita 400 ke kawo mata ɗanyen mai daga Agadem. A irin wannan wuri ɗalibi ke ganin yadda tsatsa take cin ƙarfe, da yadda ake duba walda kafin ta yoyo. Mai son siminti kuma, akwai masana'antar Malbaza a jihar Tawa.

Ina ake karatun? Yaro ko yarinya da suka ci jarrabawar burbe suna iya neman lakwal ɗin fasaha ta Ɗan Kasawa, a Maraɗi. Bayan bak, akwai jami'ar Maraɗi, inda ake koyar da gini da injuna, da jami'ar Damagaram, da makarantar EMIG ta ma'adinai da masana'antu a Yamai.

Hanyar tana da tsawo, kuma gurbin sitaj ba ya isar kowa. Dole ɗalibi ya kai takardar nema da wuri. Iyaye kuma su tanadi masauki da guzuri tun lokacin kaka, don ba kowace masana'anta ke biyan mai koyo ba.