Arsenik: Dalilin Da Ya Sa Masana Ke Auna Nauyinsa

Cikin gubar da duniya ta sani, kaɗan ne suka kai arsenik mugun suna. Shi dai sinadari ne mai ruwan toka, yana ƙyalli kamar ƙarfe, amma da an buge shi sai ya farfashe. Akan same shi cikin duwatsun da ake haƙo tagulla da zinariya, irin na Obuasi a ƙasar Gana.

A Tarayyar Turai, dokar REACH da ta fara aiki a 2007 ta tilasta wa mai yi ko shigo da tan 1 na sinadari a shekara, ko fiye, ya ba hukuma bayanin halayensa. Cikin abin da ake nema har da nauyinsa in an gwada shi da ruwa.

Ga yadda ake awon. Akwai wata 'yar kwalba da akan cika da ruwa fal a ɗora a sikeli. Sa'an nan a auna gutsuren arsenik, a jefa ciki, a sake awo. Ruwan da ya zube girmansa ɗaya da gutsuren, saboda haka sai a raba nauyin gutsuren da nauyin ruwan nan. Arsenik mai ruwan toka ya ninka ruwa sau 5.7, watau bai kai baƙin ƙarfe ba, mai 7.9, balle dalma, mai 11.3. Akwai kuma rawayan arsenik, wanda bai cika 2 ba.

To, mene ne amfanin wannan lissafi? Da shi ake sanin cewa in arsenik ya zube a kogi nutsewa zai yi ya kwanta cikin laka, can kuwa za a neme shi. Har ila yau, da shi ake gane ko kayan da aka kawo tsantsa ne ko gauraye.

Amma fa nauyi ba ya faɗin ƙarfin guba. Arsenik kansa ba ya narkewa a ruwa, sai dai in ya sha iska mai laima yakan yi tsatsa, ita kuwa tana narkewa, tana kisa. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 10 cikin litar ruwan sha.

A 1858, a garin Biradfod na Ingila, an zuba farin garin tsatsar nan cikin alewa bisa kuskure, ana zaton garin jifsam ne. Mutum wajen 20 suka mutu, kimanin 200 suka kwanta. A ido garin biyu kamarsu ɗaya, amma jifsam 2.3 ne, gubar kuwa wajen 3.7.