Kwaɓin da Ya Kwana a Ƙanƙara: Yadda Naɗin Kirfa Ke Tashi

Duk wadda ta taɓa kwaɓa fanke da sanyin hunturu ta san ƙullu yana da rai. Sai a rufe shi tun da safe, a dawo da hantsi a tarar ko motsi bai yi ba, har sai an kai shi rana ko gefen murhu sannan ya fara kumbura. Wannan rai da ke cikinsa yis ne, wata ƙwayar halitta dangin naman gwari wadda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya. Shi ya sa mutane ke jinjina kai idan aka ce musu a kantunan Amurka ana sayar da kwaɓin burodi a daskare, da tauri kamar dutse, ya yi makonni a firiza, amma da zarar ya saki sai ya tashi tamkar jiya aka murza shi. Da irin wannan kwaɓi iyalai da dama a can ke yin naɗin kirfa, wanda masu kek a biranenmu ke sayarwa da sunan sinamon rol.

Naɗin kirfa ya fi yin suna a arewacin Turai. Mutanen Siwidin suna kiransa kanelbulle, kuma irin nasu ya bayyana ne a shekarun 1920, bayan yaƙin duniya na ɗaya. Bai zama abincin kowa ba sai a shekarun 1950, lokacin da bota da sukari suka daina gagarar talaka. Tun 1999 suka keɓe masa rana guda, 4 ga Oktoba. Nasu ƙarami ne, ba ya cika zaƙi. Amurkawa ne suka ƙara masa girma da laushi, suka kwarara masa farin sukari a ka, kuma kamfanin Cinnabon da ya buɗe shagonsa na farko kusa da Siyatil a 1985 ya kai wannan salon filayen jirgin sama da manyan kantunan duniya. Kwaɓin ƙanƙara kuwa tsohuwar sana'a ce a Amurka, kamfanin Rhodes tun 1958 yake yinta.

Abin da nake so mai karatu ya fara ganewa shi ne irin sauƙin da wannan kwaɓi ke kawowa. Kwaɓin ƙanƙara yana ɗauke wa mutum awo da murza da wanke kwanuka. Jira kuwa yana nan daram, har ma ya ƙaru. Yawancin waɗanda naɗinsu ke fitowa da tauri, hannunsu ba shi da laifi. Gaggawa suka yi wa yis.

Aikin yis a cikin kwaɓi shi ne cin sukari, ko wanda aka zuba ko wanda sitacin fulawa ya saki, sai ya fitar da iska da ɗan giya-giya da ke ƙonewa a wuta. Iskar ce ke maƙalewa a cikin danƙon fulawa, wanda masana ke kira gulutin, ta hura shi kamar balan-balan. Yis ya fi jin daɗin aiki tsakanin digiri 25 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas. Idan zafi ya kai wajen 60 sai ya mutu. Sanyi kuwa ba ya kashe shi kai tsaye, kwantar da shi yake yi. A firji yana aiki a hankali, a firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili yakan tsaya cak.

Sai dai wannan barci ba kyauta ba ne. Ruwan da ke cikin kwaɓi idan ya daskare yakan zama tsinke-tsinken ƙanƙara, su kuma suna huda jikin ƙwayoyin yis, suna yayyaga zaren danƙon fulawa. Ƙwayoyin da suka mutu suna zubar da wani sinadari mai suna gulutatayon, wanda ke ƙara sassauta danƙon. Kenan asara biyu ce: masu hura iska sun ragu, jakar da za ta riƙe iskar ta yi rauni. Idan daskarewar ta zo a hankali, tsinken ƙanƙarar yakan yi girma, ɓarnar da yake yi wa danƙon ta fi yawa. Saboda haka masana'antu ke daskarar da kwaɓinsu cikin hanzari da iska mai tsananin sanyi, suna ƙara yawan yis, suna zaɓen fulawa mai ƙarfi, sau da yawa da ɗan sinadarin bitamin C don ɗaure danƙon. Akwai kuma wata dabara da ta fi burge ni: ba sa barin kwaɓin ya fara tashi kafin su daskarar da shi. Yis ɗin da bai farka ba yana ɗauke da wani sukari a jikinsa da ke kare shi daga ƙanƙara. Da zarar ya fara aiki sai ya cinye wannan garkuwar, sanyi ya same shi tsirara.

Wannan bayani ya shafe mu kai tsaye, domin kwaɓin ƙanƙara ba abu ba ne da za a shiga kowane kanti a Kano ko Maraɗi a ɗauko. Uwargida ita ce masana'antar kanta. Ranar da ta samu sarari sai ta kwaɓa da yawa da ruwa mai sanyi, ta ɗan ƙara yis a kan yadda ta saba, ta murza har ya yi santsi, ta raba, ta baje kowane kaso ya yi faifai don sanyi ya ratsa shi da wuri, ta naɗe a leda ba tare da iska ba, ta saka a firiza nan take. Ya fi kyau a yi amfani da shi cikin wata guda. Babban abokin gaba shi ne ɗaukewar wuta. Kwaɓin da ya saki rabi, ya sake daskarewa, ya sake saki, duk zagaye ƙanƙararsa girma take yi, yis ɗinsa ƙarewa yake. Gidan da firiza ba ta riƙe sanyi kwana da kwanaki, gara a kwaɓa da yamma a kwantar a firji ko wuri mai sanyi, a gasa da safe.

Mu koma kan aikin. Curin kwaɓi ɗaya na kanti a Amurka laba ɗaya ne, wato kusan giram 450, kuma yana ba da naɗi goma zuwa sha biyu. A shafa masa ɗan mai, a sa a roba mai murfi, ya kwana a firji awa takwas zuwa sha biyu. Wannan ita ce hanya mafi aminci, domin ciki da waje suna sakewa tare. Idan aka ajiye shi a fili da zafin bazara, bayansa zai fara tashi har ya yi tsami alhali cikinsa ƙanƙara ce. Ruwan zafi ko na'urar ɗumama abinci kuwa sun fi ɓarna, suna dafa gefe su kashe yis ɗin da ke wurin. Da safe a fito da shi ya sha iskar ɗaki har sanyin ya sake shi.

Sai murzawa da muciyar fulawa ko kwalba mai tsabta, a baje shi ya kai kamar santimita 25 a faɗi, 35 a tsawo. A nan ne kwaɓi ke gardama, ana miƙa shi yana komawa. Ba a yi masa da ƙarfi. A rufe shi a ba shi minti goma, danƙon zai huce, ya miƙu da kansa.

Abin da ake shafawa uku ne: bota mai laushi kamar giram 60, jan sukari giram 100, garin kirfa babban cokali ɗaya. Botar ta zama mai laushi, ba narkakkiya ba, domin narkakkiya takan gudu ta taru a gindin faranti da sukarin duka. Jan sukarin Turawa farin sukari ne da ruwan rake mai duhu a jikinsa, kuma wannan ruwan ne ke ba da danƙo da ƙamshin ƙonon zaƙi. Mazarƙwailarmu daga rake take, ba a raba ta da wannan ruwan ba, don haka idan aka daka ta ko aka kankare ta yi laushi tana yin aikin, ni a bakina har ta fi.

Akwai dalilin da ya sa ake shafa kirfa a tsakani maimakon a zuba ta cikin kwaɓi. Man da ke ba ta ƙamshi, sinamaldihaid, yana hana ƙananan halittu irin su yis sakewa. Idan ta yi yawa a cikin ƙullu sai tashinsa ya yi nauyi. Naɗin da ke ba burodin kyan gani shi ne kuma ke raba yis da abin da ke takura shi.

Ita kirfar ma iri biyu ce a kasuwa. Akwai ta Siri Lanka, mai ɓawo siriri da aka naɗe falle-falle kamar taba sigari, launinta da haske, ana iya murƙushe ta da yatsa. Akwai kuma kasiya daga Sin da Indunusiya da Biyetnam, mai kauri da tauri da ja, ƙamshinta ya fi ƙarfi, kuɗinta ya fi sauƙi, ita ce ta fi yawa a hannun masu kayan ƙamshi. Kasiya tana da sinadarin kumarin, wanda yawansa kullum-kullum kan wahalar da hantar wasu mutane. Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade miligiram 0.1 a kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato miligiram 6 ga mai kilo 60. Dokar Tarayyar ta 2008 ta yarda da miligiram 50 a kilon kayan gashi na gargajiya, 15 a sauran. A 2013 wannan bambanci ya tayar da ƙura a Denmak, inda hukuma ta sa naɗin kirfarsu a rukunin 15, masu gidajen burodi suka ce ana neman kashe musu abin gado, alhali maƙwabtansu na Siwidin sun lissafa nasu a na gargajiya. Wanda ke cin naɗi ɗaya ranar hutu ba shi da abin damuwa. Wanda ya kamata ya kula shi ne mai shan garin kasiya cokali-cokali kowace safiya da sunan magani.

Bayan an shafa, a bar ɗan gefe ɗaya ba komai, a naɗe ta ɓangaren tsawo kamar tabarma, ba sako-sako ba, ba kuma a matse ƙwarai ba, don idan ya matsu tsakiyar takan yi tsiri a wuta. A manne bakin da yatsa. Wajen yanka, zaren ɗinki ya fi wuƙa: a zura shi ta ƙasa, a gicciya bakinsa biyu a sama, a ja. Wuƙa danne naɗin take yi ta matso sukarin waje.

A jera su a faranti mai mai, da tazarar yatsa tsakaninsu, a rufe. Tashin da za su yi a farantin shi ne wurin da aka fi yin asara. Agogo ba ya yanke hukunci a nan: da zafi minti arba'in na iya isa, da hunturu ya haura awa biyu, kuma kwaɓin da ya sha ƙanƙara ya fi sabo nawa. Alamar ita ce su ninka, su taɓa juna, idan aka danna da yatsa ramin ya dawo a hankali bai cike duka ba. In ya dawo nan take, da saura. In bai dawo ba sam, an wuce, a yi maza a kai wuta.

Gashi a obin mai digiri 175 zuwa 180, minti 20 zuwa 25, har sama ta yi ja-ja kamar bayan gurasa. Wadda ba ta da obin ta yi yadda ake gasa kek: babbar tukunya da yashi ko gishiri a ƙasa, a ɗumama ta tukuna, a ɗora farantin a kan wani abu don kada ya taɓa gindi, wuta kaɗan, in da hali a sa garwashi a kan murfi. A kula da ƙasa, sukari yana saurin ƙonewa. Wasu kan zuba madara mai kauri rabin kofi a kansu kafin gashi, tana hana su bushewa.

Farin saman kuwa garin sukari ne da ɗan madara da bota, a shafa bayan minti biyar zuwa goma da saukewa, lokacin da ɗumin zai narkar da shi ya shiga tsakanin naɗin ba tare da ya tsiyaye ba. Abin da ya rage kada a kai shi firji, domin sanyinta yana sa sitacin burodi ya yi saurin tauri. A rufe shi a ɗaki, washegari a turara shi minti biyu a madambaci, laushinsa zai dawo.