Yaro mai naƙasa a filin wasa: yadda iyaye ke neman a sauƙaƙa masa jiran layi

Ranar 17 ga watan Yuli na shekarar 1955, wani Ba'amurke mai suna Walt Disney, wanda ya yi fice wajen majigin zane na yara, ya buɗe wani ƙaton filin wasa a garin Anaheim, cikin jihar Kaliforniya, ya sa masa suna Disneyland. A 1971 kamfaninsa ya buɗe na biyu kusa da Orlando, a jihar Filorida. Na ƙasar Faransa kuwa an buɗe shi ranar 12 ga Afrilu 1992, wajen kilomita 32 gabas da birnin Paris. Wanda bai taɓa ganin irin wannan wuri ba, sai ya ƙiyasta gari guda da aka gina domin wasa kaɗai: ga shillo iri-iri, ga jiragen ƙasa masu hawa da gangara cikin gudu, ga kwale-kwale masu ratsa kogin da aka haƙa da hannu, ga masu kiɗa da rawa bisa tituna. Fili ɗaya daga cikin na Filorida, wanda ake kira Magic Kingdom, ya karɓi baƙi fiye da miliyan 17 a shekarar 2023.

Inda jama'a suka yi yawa haka, dole a yi layi. A lokacin hutun lakwal, mutum kan tsaya awa guda, wani sa'i awa biyu, domin wasan da ba zai wuce minti uku ba. Yaro mai lafiya yakan yi ƙorafi, ya ja rigar uwarsa, daga baya ya haƙura. Amma akwai yaran da wannan tsayuwa ta fi ƙarfinsu. Wani gurgu ne, keken nasa ba ya iya bin lungunan layin. Wani yana da ciwon zuciya ko farfaɗiya, zafin rana da cunkoso suna tayar masa da ciwo. Wani kuma yana da larurar nan ta ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira otizim, wasu masu Hausa kuma suke ce mata galahanga: idonsa garau, ƙafarsa garau, amma hayaniya da gogayya da mutane suna rikita shi, bai kuwa san ma'anar "jira kaɗan" ba. In abin ya cika masa, sai ya faɗi ƙasa yana kururuwa, ko ya riƙa bugun kansa. Masu wucewa su ce rashin tarbiyya ne, alhali ba haka ba ne.

ABIN DA DOKA TA CE

Uban da ya je neman sauƙi ga irin wannan yaro, ba bara ya je ba. A Amurka, ranar 26 ga Yuli 1990, shugaba George Bush babba ya sa hannu ga dokar kare naƙasassu, wadda ta wajabta wa duk wurin da ke karɓar jama'a, ko da na ɗan kasuwa ne, ya gyara tsarinsa gwargwadon hankali domin mai naƙasa ya amfana kamar kowa. Sai dai dokar ta bar ƙofa guda: ba a tilasta wa mai wuri gyaran da zai canja ainihin sana'arsa. A kan wannan ƙofa aka yi ta shari'a daga baya. Faransa ta yi tata dokar ranar 11 ga Fabrairu 2005. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu ranar 13 ga Disamba 2006, sashenta na 30 ya ambaci wasa da shaƙatawa da sunansu, ya ce yara masu naƙasa su samu rabonsu daidai da sauran yara. Nijar ta tabbatar da wannan yarjejeniya a 2008, ta kuma yi dokar shigar da naƙasassu cikin al'umma a watan Disamba 2019. Saboda haka sashe na 30 ya hau kan gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, inda yara ke cika maƙil ranakun salla domin kallon namun daji, kamar yadda ya hau kan filin Paris.

HANYA BIYU: TAKARDA KO MAGANA

Faransawa mutanen takarda ne, tsarinsu ma haka yake. Tun 1 ga Janairu 2017 hukuma ke ba mai naƙasa kati guda da ake kira CMI, ana neman sa a ofishin naƙasassu na jiha. Bisa tsarin da Disneyland na Paris ya kafa a watan Disamba 2021, uban da ya nuna wannan kati, ko takardar hukuma makamanciyarsa daga wata ƙasa, sai a ba ɗansa katin fifiko, ya riƙa shiga ta ƙofa ta dabam tare da ƴan rakiya har mutum 4, a kuma rage kashi 25 cikin 100 na kuɗin shiga ga yaron da mai rakiyarsa ɗaya. Mai doguwar rashin lafiya wanda ba shi da katin hukuma, akwai nasa kati na biyu, wanda ake bayarwa bisa takardar likita da Faransanci ko Turanci, wadda ba ta wuce wata 3 ba. Iyalin da za su taso daga wata ƙasa ya kamata su tambayi wace takarda ake karɓa tun kafin su sayi tikitin jirgi, domin mai tsaron ƙofa ba shi da ikon canja abin da aka rubuta masa.

A filayen Disney na Amurka kuwa ba a tambayar takardar likita. Magana ake yi. Ma'aikaci ya zauna da uwa ko uba, yaron yana wurin, ya tambaya: me ke samun yaron nan in ya tsaya cikin layi? A kan amsar ake yanke hukunci. Wannan hanya ta fi mutunci, domin ba ta tona asirin ciwon kowa, ba ta kuma hana talakan da bai samu ganin babban likita ba. Amma tana da rauni guda, wanda kowa ya gane da wuri: baki ba ya da hatimi.

WAKE ƊAYA KE ƁATA GARI

Kafin 2013, katin da Disney ke bayarwa a Amurka yana barin mai shi da iyalinsa su shiga kusan kowane wasa nan take, sau nawa suka ga dama. A watan Mayu na wannan shekara jaridar New York Post ta fallasa cewa waɗansu attajirai na birnin New York suna hayar naƙasassu, su shiga da su a matsayin ƴan'uwansu domin su tsallake layi. Ana biyan dalar Amurka 130 a awa, ba dalar kasuwar Maraɗi mai tamma biyar ba: wajen jika 65 ke nan na kuɗin sefa a canjin lokacin, yinin awa 8 kuwa ya haura rabin miliyan. Kamfanin ma ya yi nasa lissafi, wanda ya kai gaban kotu daga baya: masu katin ba su wuce kimanin kashi 3 cikin 100 na baƙi ba, amma a wani shahararren wasa sun cinye kusan kashi 30 na kujeru.

A watan Oktoba 2013 aka soke katin, aka kawo sabon tsari mai suna DAS. Ga yadda yake aiki. In layin wasa na minti 60 ne, sai a rubuta wa yaron lokacin komowa, bayan kimanin minti 60 ɗin. Ya tafi ya zauna a inuwa, ya ci abinci, ko ya shiga wani wasa marar layi, in lokaci ya yi ya komo ya shiga ta gajeriyar hanya. Ba a ba shi lokaci na biyu sai ya cika na farko. Wato ba a ɗauke masa jira ba, tsayuwa cikin layi aka ɗauke masa.

Ga yara da yawa wannan ya wadatar. Ga waɗansu kuwa bai taɓa inda ke musu ciwo ba, domin su jiran ne kansa ba su iyawa, a layi ne ko a inuwa. A 2014 iyalai da dama suka kai ƙara. Wadda aka fara saurara ita ce ta wani saurayi mai otizim, wanda kotu ta ɓoye sunansa ta kira shi A.L. Shi dai ya saba bin wasannin Magic Kingdom bisa jeri guda wanda ba ya saɓawa, daga wannan sai wancan. Da suka je a watan Disamba 2013, aka ce wasan farko na jerinsa sai bayan minti 40. Uwarsa ta san ba zai iya ba, ba zai kuma yarda a fara da wani ba. A watan Yuni 2020 alƙaliyar tarayya Anne Conway ta ba kamfanin gaskiya, ta ce in aka ba duk mai irin wannan buƙata shiga nan take, layin sauran jama'a zai yi tsawo har ya taɓa ainihin sana'ar. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2022.

Lissafin alƙaliyar ba ƙarya ba ne, domin kujerar da wani ya hau wani ne ya rasa ta. Amma ba a ce uwar ta yi ƙarya ba. Attajiran da suka jawo wannan duka kuwa ba su yi asarar kome ba: har yau mai kuɗi yana iya sayen gajeren layi a fili, da rasit.

A 2024 aka sake ƙuntata tsarin. Kamfanin ya ce masu neman DAS sun ninka har sau uku cikin shekara 5. Daga 20 ga Mayu a Filorida, da 18 ga Yuni a Kaliforniya, aka keɓe shi ga masu larurar ƙwaƙwalwa irin otizim da makamantanta, aka mai da ƴan rakiya iyali na kusa ko mutum 4 duka-duka, aka kuma yi gargaɗi cewa wanda aka kama da ƙarya an hana shi shiga har abada. A Filorida, ganawa da ma'aikaci ta koma ta hoton bidiyo a waya ko kwamfuta, tun da sauran makonni kafin ranar zuwa. Masu ciwon da ba na ƙwaƙwalwa ba, da yawansu aka ce su hayi keke, ko su fita daga layi in sun matsu sa'an nan su komo su iske ƴan'uwansu. Ƙungiyoyin naƙasassu sun yi ta kuka a kan haka.

ABIN DA ZA A FAƊA A WURIN GANAWA

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne faɗin sunan ciwo su yi shiru. Ma'aikacin ba likita ba ne, suna ba ya gaya masa kome, tun da yara biyu masu ciwo ɗaya ba su zama ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar da ta ce ɗanta yana iya tsayuwa minti goma, bayan haka yakan toshe kunne ya fara cizon hannunsa, kuma in baƙo ya taɓa shi yakan sheƙa da gudu, ta ba ma'aikacin abin da zai yi aiki da shi. Ta faɗi abin da ake yi masa a lakwal ko a asibiti in ana jira, da abin da aka gwada bai yi ba. Kada ta ƙara gishiri, kada kuma kunya ta sa ta rage. Iyaye da yawa sun saba ɓoye halin ɗansu gaban baƙi, har su kan ce "da sauƙi" a wurin da ya kamata su ce babu sauƙi.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a bayarwa sai an tambaya. Ana maƙala wa keken tura jariri wata alama domin a ɗauke shi kamar keken guragu, a bar shi ya shiga layi. Akwai wuraren hutawa nesa da hayaniya. Akwai kuma tsarin da ke barin uba ya hau wasa uwa tana riƙe da yaro, sa'an nan su yi musanya ba tare da sabon layi ba. Abin da ba a sassautawa ko kaɗan shi ne ƙa'idar tsaro. Jirgin Hyperspace Mountain na Paris ba ya ɗaukar wanda bai kai mita 1 da santimita 20 ba, kome katin da ya riƙe. Waɗansu wasanni kuma sai yaro ya bar kekensa ya koma kujerar wasan, iyayensa ne za su ɗaga shi, ba ma'aikata ba. Gara a san wannan tun daga gida, a gaya wa yaron, da a kai shi bakin ƙofa a komo da shi yana kuka.

WANI UBA A TEKZAS

Wani attajiri mai gina gidaje a San Antonio, jihar Tekzas, Gordon Hartman, ya bi ta wata hanya dabam. Yana da ɗiya mai naƙasa. Wata rana a wurin wanka na wani otel ya ga ta nufi waɗansu yara tana son wasa da su, suka tattara ƙwallonsu suka fita daga ruwan. Ya nemi filin da zai kai ta ba tare da roƙon kowa ba, bai samu ba. Sai ya tara likitoci da iyaye da magina, suka gina nasu, aka buɗe shi a 2010 da sunan Morgan's Wonderland. Shillon da ke ciki da jirgin ƙasan duk ana hawansu bisa keken guragu, kuma mai naƙasa ba ya biyan kuɗin shiga. A 2017 aka ƙara masa filin wasan ruwa. Da yake keke mai batir ba ya shiri da ruwa, masana na jami'ar Pittsburgh suka ƙera wani wanda matsattsiyar iska ke turawa, ana ba yara aronsa kyauta a bakin ƙofa.