2.4 Sinadarai Masu Sauya Launi Wajen Gano Dalma a Ruwa

Kamar yadda bayani ya gabata, ruwan da ke ɗauke da dalma ba ya canza kama, ba ya wari. Saboda haka mai sha ba shi da hanyar gane shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a kowace lita ta ruwan sha. Muhimmancin wannan ƙa'ida ya fito fili a shekarar 2010, lokacin da gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta hallaka yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum ta Jihar Zamfara. Ƙurar duwatsun ta gurɓata ƙasar gidaje, har da kududdufai. Injinan da ke auna dalma daidai kuwa suna da tsada, kuma sai a manyan ɗakunan gwaji ake samun su.

A nan za a duba hanyoyi biyu masu sauƙi.

Ta farko ita ce amfani da ditizon, wanda Hellmut Fischer ya fara gwada ƙarafa da shi a 1925. Idan an narka shi a kulorofom, launinsa kore ne. Da zarar an girgiza shi da ruwa mai dalma, sai ya kama dalmar, launin ya koma ja. Gwargwadon yawan dalmar, gwargwadon cizawar jan.

Ta biyu ita ce ƙwayoyin zinariya ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani. Muddin suna warwatse cikin ruwa, ja ne launinsu. Akan shafa musu sinadarin da ke manne wa dalma, ta yadda idan akwai ta sai su dunƙule, ruwan ya koma shuɗi.

Sai dai hanyoyin suna da rauni. Ditizon yakan kama tutiya da zaiba da jan ƙarfe, wato yana iya sauya launi alhali ba dalma, sai an daidaita tsamin ruwan an kuma ƙara sinadaran da za su rufe sauran ƙarafan. Haka nan ido yakan kasa tantance launi idan dalmar kaɗan ce.

Daga wannan bayani za a fahimci cewa amfanin waɗannan sinadarai shi ne tantance rijiyoyin da ake zargi, kafin a kai samfurinsu ɗakin gwaji don tabbatarwa.